A bar su su zana hasumiya, amma a ɗauke musu wuta

Ɗan ƙanwata yana aji huɗu a sashen zanen gine-gine na wata jami'a a nan Arewa. Ƙarshen zangon da ya wuce ya matsa mini lamba sai na je na ga ranar da za su kare aikinsu a gaban malamai, ranar da su a bakinsu suke kira juri. Na je ne kawai don kada a ce Kawu bai damu ba. Na tarar da wani dogon ɗaki mai warin gam da gumi, tebura cike da guntayen kwali da tsofaffin reza. Wasu ɗaliban kwanansu uku ke nan a wurin. Wani ma yana ta sharar barci a ƙarƙashin tebur, ya yi matashi da jakarsa. Aikin da aka ba su shi ne kowa ya zana dogon bene mai hawa 30 zuwa 40 a tsakiyar birni, ofisoshi a ƙasa, otal a tsakiya, gidajen kwana a sama.

Ba zan ɓoye ba, abin ya burge ni. Wata yarinya ta murɗe nata benen kamar tufkar igiya. Wani ya yi nasa kamar ɓawon masara ana cikin ɓarewa. Wani kuma ya ɗora zankwaye huɗu a can ƙololuwa, wai don a san na Hausa ne. Sai dai duk gilashi ne tun daga ƙasa har sama. A hotunan da suka fitar da kwamfuta sararin sama shuɗi ne tas, babu hazo, babu ƙura, Turawa suna yawo da karnuka a gindin ginin. Na duba, na sake dubawa, ban ga a-daidaita-sahu ko ɗaya ba, balle mai shayi.

Da aka zo kan yaronmu, ya yi bayani tiryan-tiryan. Hawa 36. Sai wani dattijon malami mai furfura a gemu, wanda tun safe bai ce uffan ba, ya gyara zama ya ce, "To, samari, an ɗauke wuta. Ƙarfe biyu na rana ne, watan Afrilu. Akwai wata tsohuwa a hawa na 31, za a kai ta asibiti. Yaya za a yi?" Yaro ya ce akwai janareta. Malam ya ce, "Man dizal ya ƙare, tankar tana hanya." Shiru. Ya sake tambaya, "Tagoginka suna buɗuwa?" Ba sa buɗuwa. Ɗakin ya kwashe da dariya, har da waɗanda nasu tagogin ma ba sa buɗuwa.

A mota, muna hanyar gida, sai huci yake. "Kawu, wallahi wannan mugunta ce. Su a Dubai wa yake tambayarsu zancen NEPA?" Na ce masa a duk tambayoyin da aka yi ranar, ban ji wadda ta kai ta dattijon nan ba. Bai ji daɗi ba. Tun daga lokacin nake juya maganar a raina, kuma abin da na tsaya a kai shi ne: a ci gaba da sa ɗalibanmu zana dogayen benaye, amma kada a ba kowa maki sai ya nuna yadda gininsa zai kasance ranar da babu wuta.

Na san akwai masu ganin aikin gaba ɗaya ɓata lokaci ne. Suna cewa me ya haɗa yaron da ya taso a Fagge ko Tudun Wada da bene mai hawa 40? A cikin ɗaliban ajin nan, da wuya a samu mutum biyu da za su gina irinsa har su yi ritaya. Yawancinsu gida mai ɗaki uku da falo za su yi ta zanawa, da shaguna, da gidan mai, da masallacin unguwa. Kuma gine-ginen da ke kashe mu ba masu hawa 40 ba ne. Makarantar da ta rufta kan yara a Jos ranar 12 ga Yulin 2024, mutum 22 suka rasu, ƙaramin bene ne. Wannan magana tana da nauyi, ban raina ta ba.

Amma ina ganin sun manta da wani abu. Ƙaramin gini yana yafe kuskure. Idan ka zana gida na ƙasa ka sa taga inda bai dace ba, mai gida zai saka labule, shi ke nan. Idan ka manta da inda ruwan sama zai bi, magini zai huda katanga ya sa indararo. Dogon bene ba ya yafewa. Duk abin da ka yi sakaci da shi a takarda sai ya ninka kansa sau talatin. A nan ne ɗalibi yake fara gane cewa iska ma kaya ce da gini yake ɗauka: idan gudunta ya ninka biyu, ƙarfin da take tura bango da shi ninkawa huɗu yake, kuma tana ƙara gudu ne gwargwadon yadda ka yi sama. A nan yake gane cewa yawan hawa yana jawo yawan lif, yawan lif kuma yana cinye filin da za a ba haya, har a kai inda ƙarin hawa ɗaya asara ne. A nan yake koyon cewa shi kaɗai ba zai iya ba, dole ya zauna da injiniyan ƙarfe da kankare, da na ruwa, da na lantarki, ya saurare su. Wanda ya sha wannan wahala sau ɗaya, ko shago zai zana daga baya, hannunsa ya bambanta.

Akwai kuma labarin da nake so a riƙa ba kowane ɗalibi a makon farko. A 1977 aka kammala wani bene mai hawa 59 a birnin New York na Amurka, wanda a lokacin ake kira Citicorp Center. Akwai coci a kusurwa ɗaya ta filin, don haka injiniyan ginin, William LeMessurier, bai kafa manyan ginshiƙan a kusurwoyi huɗu kamar yadda aka saba ba, sai ya kafa su a tsakiyar kowane gefe. A 1978 wata ɗaliba a Jami'ar Princeton, Diane Hartley, tana rubuta kundinta na kammala digiri a kan ginin. Ta yi lissafin iskar da za ta bugi ginin ta kusurwa, ta ga sakamakonta bai yi daidai da na kamfanin LeMessurier ba, ta tuntuɓe su. A wannan shekarar LeMessurier ya koma kan lissafinsa bayan tambayar ɗalibi ta tayar masa da hankali, sai ya tarar da wani abu kuma: lokacin gini an sauya tsari, mahaɗan ƙarfen da ya ce a yi musu walda an ɗaure su da noti don rage kuɗi. A saman ginin akwai wani dunƙulen kankare mai nauyin tan 400 wanda aikinsa rage tangaɗin ginin idan iska ta taso. Amma wannan na'ura da lantarki take aiki. Lissafinsa ya nuna masa cewa idan guguwa ta ɗauke wuta, na'urar ta tsaya, irin iskar da ake iya samu sau ɗaya a shekara 16 ta isa ta kayar da ginin a tsakiyar birni. Bai rufa wa kansa asiri ba. Ya je ya gaya wa masu ginin, aka yi ta walda cikin dare ana liƙa faranta na ƙarfe a kan mahaɗan, da rana ma'aikata suna ofis ba su san abin da ke faruwa ba. Sai a 1995 duniya ta ji cikakken labarin.

Abu biyu na ɗauka a nan. Tambayar ɗalibi ba abin rainawa ba ce. Sannan tambayar da ta fi tsorata babban injiniya a New York ita ce dai ta dattijon malamin nan namu: idan an ɗauke wuta fa?

Mu a idonmu dogon bene gida ne da aka ɗora a kan gida. A gaskiya inji ne. Tun asalinsa haka yake. Mutane sun daɗe da iya gina abu mai tsawo, abin da ya hana su zama a can sama shi ne ƙafa. Sai da Elisha Otis ya tsaya a kan lif a gaban jama'a a New York a 1854, ya sa aka sare igiyar, birki ya riƙe shi bai faɗo ba, sannan mutane suka yarda su hau. Bayan shekara kusan talatin, a 1885, aka kammala bene mai hawa 10 a Chicago wanda ƙarfe ne yake ɗauke da nauyinsa maimakon kaurin bango. Lif da ƙarfe, sannan famfon tura ruwa da na'urar sanyaya ɗaki, su suka haifi dogon bene. Uku daga cikin huɗun nan ba sa motsi sai da wuta. Benen yaronmu mai hawa 36 zai haura mita 120. Ruwan da za a yi alwala da shi a hawa na ƙarshe, sai an tura shi duk wannan nisa, daga tanki zuwa tanki, kullum, har ranar Sallah.

Ni ba a littafi na koyi wannan ba. Na yi shekara huɗu ina aiki a hawa na tara a wani tsohon bene a Kaduna. Lif biyu gare shi. Ɗaya ta mutu tun kafin a ɗauke ni aiki, an liƙa mata takarda cewa ana jiran kayan gyara daga waje, takardar har ta yi ja. Ɗayar kuma tana aiki ne ranar da ta ga dama. Akwai ranar da ta tsaya da mu tsakanin hawa na biyar da na shida, mu bakwai, ciki har da wata mata mai tsohon ciki. Mun yi kusan minti arba'in a cikin duhu, muna salati, wani yana dukan ƙofa da takalmi, kafin masinja ya zo da rodi ya ɓanɓare. Ruwa kuwa, famfon da ke kai shi sama ya ƙone, sai 'yan garuwa suke hawa da jarka a kafaɗa, kuma farashinsu da hawa yake tafiya: na hawa tara ya ninka na hawa biyu. Ban ga laifinsu ba. Abin da ba na mantawa shi ne tsofaffin da suke zuwa bin haƙƙinsu. Za ka tarar da dattijo zaune a kan matakala ta shida, hularsa a hannu, fayil a kan cinya, yana mayar da numfashi. Ka ce, "Sannu Baba, kawo in riƙe maka." Ya ce, "Allah ya yi albarka, ɗana. Saura nawa?" Wanda ya zana ginin nan bai taɓa ganin wannan dattijo ba, amma da shi ya kamata ya fara.

Kada wani ya ce ai wannan da ne. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun kwashe sama da mako guda cikin duhu bayan manyan layukan da ke kawo mana wuta sun samu matsala, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna da aka lalata. A ƙiyasta mutum ɗari biyar a cikin akwatin gilashi, tagogi a rufe, kwana tara.

Tarihin dogayen benayenmu ma ya isa darasi. Cocoa House a Ibadan, hawa 26, mita 105, an kammala shi a 1965 da kuɗin koko, abin alfahari ne na gaske. Gobara ta cinye shi a Janairun 1985, sai a 1992 ya dawo aiki. Ginin NECOM a Legas, hawa 32, da aka gama a 1979, shi ma ya sha gobara a 1983. Hasumiyar Millennium a Abuja, mai mita 170, an fara ta a 2006, ta haura shekara 15 tana tsaye ba a kammala ba, duk wanda ya bi ta tsakiyar birnin ya gan ta. Mafi muni shi ne na Ikoyi, ranar 1 ga Nuwamban 2021, bene mai hawa 21 da ake cikin ginawa ya rufta, mutum sama da 40 suka mutu har da mai ginin. Hukumomin Legas sun ce hawa 15 aka ba da izini. An kuma ga takardar da kamfanin injiniyoyin da ya fara aikin ya rubuta tun 2020 yana janye hannunsa. Ina ganin wannan takarda ta cancanci a karanta ta a aji, domin ranar da mai kuɗi zai ce wa ɗalibin nan "ƙara mini hawa shida, ai ba komai" tana nan zuwa, kuma babu manhajar kwamfutar da za ta koya masa cewa a'a.

Zancen gobara kuwa, ko ƙasashen da muke kwaikwayo ba su tsira ba. A ranar 14 ga Yunin 2017 wuta ta tashi daga firiji a hawa na huɗu na benen Grenfell a Landan, mai hawa 24. Rufin ado da aka liƙa wa bangon waje ya kama, wuta ta bi shi ta haye sama cikin mintuna. Matakala ɗaya ce tak a ginin. Mutum 72 suka mutu, a birnin da 'yan kwana-kwanansa ke da kayan aiki da ruwa. Tsanin motar kashe gobara da aka saba gani bai cika wuce mita 30 ba, wato hawa tara ko goma. Daga nan zuwa sama, ginin ne zai ceci kansa: matakala biyu ko fiye waɗanda hayaƙi ba ya shiga, ƙofofi masu jure wuta, tankin ruwa na musamman da ba a taɓawa. A juri ɗin nan na ga ɗalibai da yawa sun ɓata kwanaki kan siffar ƙololuwa, matakalar gudun wuta kuwa sun cusa ta a wani lungu kamar abin kunya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, an ce shafa wa naka ruwa.

Sai gilashi. Ban san wanda ya gaya mana cewa gilashi shi ne wayewa ba. A ƙasashen sanyi yana da dalili, suna neman rana ido rufe. Mu nan rana ce take nemanmu. Bangon gilashi da ya fuskanci yamma a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tanderu ne, kuma duk zafin da ya shiga sai an biya kuɗin dizal an fitar da shi. Ga hunturu. Wata uku ƙura tana sauka, wa zai wanke? Da wane ruwa? Burj Khalifa da yaran nan suke liƙa hotonsa a bango, mai mita 828, yana da fallayen gilashi sama da 24,000, kuma wanke su zagaye ɗaya yana cin wata uku zuwa huɗu. Wannan ba ya fitowa a hoton.

Ga wani mutum da nake so su sani fiye da yadda suka san Dubai. Fazlur Rahman Khan, Musulmi haifaffen Dhaka, shi ne injiniyan da ya kawo dabarar mayar da bangon waje na dogon bene kamar bututu mai ƙarfi da zai tare iska, dabarar da ta rage yawan ƙarfen da ake buƙata ƙwarai. Shi ya tsara ƙashin Sears Tower a Chicago, mita 442, wanda ya yi shekara sama da ashirin yana riƙe da kambun tsawo a duniya. To, wannan mutumin da aka kira shi Jidda don filin jirgin alhazai, me ya yi? Rumfuna. Duk alhajin da ya sauka a can ya zauna a ƙarƙashinsu: manyan tantuna farare guda 210, a ɗage can sama, gefe a buɗe, iska tana ratsawa, zafi yana fita ta ƙoƙon sama. Gwanin dogon bene na duniya ya dubi rana da yawan jama'a da yanayin wurin, ya ba su inuwa. A Harare ma, mai zanen gine-gine Mick Pearce ya tsara ginin Eastgate da aka kammala a 1996 bayan ya yi nazarin yadda suri yake daidaita iskar cikinsa, ginin yana shan sanyin dare ya ajiye a jikin kankare ya yi amfani da shi da rana.

Kuma ba baƙi ba ne mu a harkar tsawo. Hasumiyar Gobarau tana nan tsaye a Katsina, kusan mita 15 na ƙasa zalla, ana danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau. Ta masallacin Agadas ta kai mita 27, asalinta tun 1515, aka sake gina ta a 1844. Wanda ya dube ta da idon mai koyo zai ga ilimi: gindi mai faɗi, tana tsukewa tana hawa, nauyi yana raguwa inda iska ta fi ƙarfi. Itatuwan da suka yi tsiri-tsiri a jikinta kuwa, waɗanda baƙi suke ɗauka ado ne, su ne matakan da magina suke takawa idan za a yi yaɓe. Wato wanda ya gina ta ya yi tunanin mai gyara tun ran gini tun ran zane. A Yaama, cikin jihar Tawa, magini Falke Barmou ya fara masallacin Juma'a a 1962, daga baya ya ƙara masa hasumiyoyi huɗu, kowace da siffarta, aikin da ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gine-gine a 1986. Idan aka tsallaka Yaman, garin Shibam yana da gidajen ƙasa masu hawa biyar zuwa sha ɗaya, a matse da juna har suna yi wa lungunansu inuwa, mutane suna zaune a ciki ɗaruruwan shekaru babu lif.

Ba cewa nake a gina hawa 30 da tubali da azara ba, kada a yi mini gurguwar fahimta. Ƙasa tana da iyakarta, kuma tana son kulawa. Abin da ya faru a tsohon masallacin Juma'a na Zariya a watan Agustan 2023, lokacin da wani sashe ya rufta kan masallata, ya isa tunatarwa, duk da cewa aikin Babban Gwani ne da ya kusa shekara ɗari biyu. Abin da nake cewa shi ne a ɗauki hankalin, a bar kwalliyar. Wanda ya ɗora zankwaye a kan akwatin gilashi kamar wanda ya sa wa ɗan Bature hular zanna ne ya ce ya zama Babarbare. Hankalin ginin Hausa yana cikin kaurin bango, da ƙanƙantar taga a ɓangaren rana, da tsakar gida mai jan iska, da zaure da ke raba baƙo da iyali.

Wannan na ƙarshe ma babu ɗalibin da ya taɓo shi ranar, kuma shi ne zai fara jawo rigima a unguwa. Ka kafa bene mai hawa 20 a gefen tsohon gari, duk tsakar gidan da ke kewaye ta zama fili a idon na sama. Matan da ke daka, da wanki, da shan iska da daddare a lokacin bazara, an kware musu rufi. Malaman Malikiyya sun daɗe da yin magana kan tagar da ke leƙen gidan maƙwabci, a ƙarƙashin ƙa'idar ba cuta ba cutarwa. Wani magini a Tunis, Ibn al-Rami, ya tattara irin waɗannan hukunce-hukunce na gini tun ƙarni na 14. Ɗalibin da zai yi aiki a Kano ko Damagaram ya fi buƙatar wannan a kan sanin sunan wanda ya zana otal a Singafo. A nan ne kuma nake ɗan saɓawa da 'yan'uwana da ba sa ganin dogon bene sai sun jawo hadisin makiyaya marasa takalmi da za su yi gasar tsawaita gini. Hadisin gaskiya ne, kuma ana ganin abin da ido. Amma su ɗin ne dai idan sun je Makka suke rububin ɗaki a benen agogo mai mita 601 don ya fi kusa da Harami. Gasar ce abin tsoro. Tsawon da buƙata ta kawo daban ne.

Buƙatar kuwa akwai ta. Kano tana ta cin gonaki ta Kumbotso da Ungogo da hanyar Gezawa, kowa yana son filinsa da katangarsa, ma'aikaci yana kashe rabin albashi a kuɗin mota. Dole mu yi sama. Sai dai tsakanin gida na ƙasa da hawa 40 akwai wani fili mai faɗi da makarantunmu suke tsallakewa. Tsakiyar birnin Faris yawancinsa hawa shida ne ko bakwai, amma yana ɗauke da mutum kusan 20,000 a kowace murabba'in kilomita. Bene mai hawa huɗu ko biyar, mai matakala mai faɗi da haske, mai tsakar gida a tsakiya, wanda lafiyayyen mutum zai hau da ƙafa, tsofaffi su zauna a ƙasa, rufinsa ya ɗauki faifan sola da zai isa tura ruwa: wannan shi ne ginin da biranenmu za su buƙaci dubbansa. Ba ya kyau a Instagram, shi ya sa ba a rububinsa. Da ni ne mai tsara karatun, duk wanda ya zana hasumiya a zangon farko, a zango na biyu zan ba shi mutanen hasumiyar nan duka da filin nan dai, in ce ya zaunar da su a hawa biyar. Kafin ya fara zane kuma sai ya je ya yini a wani tsohon bene a garinsu, ya hau da ƙafa, ya zauna da mai gadi da mai gyaran lif da ɗan garuwa, ya rubuto abin da suka gaya masa. Ranar juri a gayyato jami'in kwana-kwana ya zauna a layin malamai, shi ma a ba shi takardar maki.

Yaronmu ya yi kwana biyu ba ya kirana. Shekaranjiya da daddare sai ga hoto ta WhatsApp. Benen ya sauko zuwa hawa 14. Gilashin ya ragu, an yi wa ɓangaren yamma wasu haƙarƙari na kankare masu tare rana, matakala biyu sun fito gefe, kowace da tagoginta. Har yanzu akwai zanko ɗaya a sama, bai iya haƙura ba. A ƙarƙashin hoton ya rubuto, "Kawu, don Allah gida mai mutum takwas jarka nawa yake sha a rana? Ina son girman tanki na kwana uku." Na ce masa ni ban sani ba, bari in tambayi Gwaggonka. Ta ce a gaya masa ya danganta, ranar wanki ce ko ba ranar wanki ba.